Ruwan Sanyi a Ɗakin Fenti

Na zo Yamai daga Dogon Dutsi a shekarun farko na mulkin kai, da akwatin ƙarfe guda, da takardar gama lakkwal, wato makarantar boko, da wasiƙar da fastonmu ya rubuta wa wani dattijon ikilisiya da ke zaune a unguwar Kalley. Shi ya ba ni ɗaki a zaurensa. Abin da na iya a duniya bai wuce rubutu mai kyau ba. Tun ina ƙarami ni ake ɗorawa kan benci in rubuta ayoyi a bangon majami'a, kuma ba a taɓa samun harafina ya karkace ba. Da aka ce wani garaji a bayan Zongo yana neman mai rubuta haruffa a jikin motoci, sai na wanke rigata na tafi.

Aiki ya yi yawa a lokacin. Duk motar da ke ɗauke da tsohon suna a ƙofarta, da duk allon da ke rataye a bakin wani biro, wato ofis, sai an goge an sake rubutawa. Akwai ma'aikatar da ta sake suna sau biyu kafin fentin farko ya gama bushewa, aka dawo mana da motocinta muka goge abin da muka rubuta da hannunmu. Mu dai ba ruwanmu. A kawo takarda, mu kwafa.

Abin da ake gogewa da shi wani ruwa ne da ke zuwa daga bakin teku cikin tano, manyan gangunan ƙarfe shuɗɗa. A jikin kowane tano akwai dogon suna da Faransanci wanda ƙarshensa "seton" ne, da hoton harshen wuta, da wasu ƙananan layuka da ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya karanta. Mu ruwan sanyi muke ce masa. In ka zuba shi a hannu sai ka ji kamar ka tsoma hannun a randa, kafin ka ƙifta ido ya ɓace, ya bar fatar ta yi fari fat. Ƙamshinsa kuma mai zaƙi ne, irin na alewar kanti. Da shi ake tsinka fenti, da shi ake wanke pistole, wato bindigar feshi, da shi ake cire tsohon rubutu. Iyakar aikin da aka yi shi dominsa ke nan, sauran mu muka ƙirƙiro masa. Muna wanke hannu da shi kafin cin abinci, muna cire tabon wando. Mai gadi yana ɗiba a kwalba ya kai gida don kuɗin cizo. Sakatariyar patoron, wato mai garajin, tana aiko da ƴar kwalbar turare a cika mata ta goge jan farce. A watannin zafi kuwa, in rana ta take, har a ƙeya muke shafa shi.

Shugaban masu fenti wani tsoho ne Bazabarme, mutumin Goudel, wanda ya fara aikin tun garajin yana hannun Bature. Baba muke ce masa. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta raba namiji da mace, don haka ranar farko da ya ce mini "Malam, zo ki gani," sai na waiga ina neman matar da yake kira. Bai iya karatu ba, amma in ya riƙe pistole ya bi gefen mota sau ɗaya, sai ka ga fuskarka a ciki. Shi ya koya mini gane kaurin fenti da ɗan yatsa: ka tsoma, ka murza, ka ji. Haka yake yi sau ba adadi a yini, shekara da shekaru.

Lokacin da na fara, a ƙarƙashin rumfar kwano ake feshi, iska na shiga ta ko'ina. Haka Baturen ya bar wurin, kuma ba don tausayi ba. Baba ya ce mutumin ya ga gini ba zai ƙara wa mota ƙyalli ba ne kawai, shi kansa kuwa in ana feshi can nesa yake tsayawa da hankici a hanci. Da ya koma ƙasarsu, garajin ya dawo hannun tsohon akawunsa, wanda shi ne patoron da na tarar. Patoron ya taɓa zuwa Faransa ya yi ƴan watanni yana koyon aiki, ya dawo da kwat biyu da kalmar "zamani", wadda yake barbaɗa wa kowace magana kamar gishiri. Ya dubi rumfar nan ya ce abin kunya ne a ce ƙasa mai cin gashin kanta ana yi wa motocinta fenti a inda awaki ke leƙowa. Ya kuma lura cewa ƙudaje daga wajen masu nama suna manne wa ɗanyen fenti. A nan yana da gaskiya, suna mannewa. Sai ya sa aka ja bango huɗu, aka sa tagogin gilashi, aka bi su da ƙusa don kada wani ya yi karambanin buɗewa, aka sa ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Ranar buɗe ɗakin an sha lemu, an yi jawabi. Ni na rubuta allon da ke saman ƙofar.

Mu biyar ne a ɗakin. Da safe lafiya lau muke shiga. Kafin hantsi idanu sun fara ƙaiƙayi, maƙogwaro ya bushe. Wajen azahar kai ya ɗauki sara, daga nan kuma sai dariya. Murfin gwangwani ya faɗi ya gangara, mu bi shi da ido muna ƙyalƙyalawa kamar an kawo mana ɗan kama. In patoron ya wuce da baƙi ya ji mu, sai ya ce musu ga shaidar ma'aikatan da ke jin daɗin wurin aikinsu. Hannuwanmu suka tsattsage kamar bakin tafki da rani, in ka kuskura ka taɓa yaji sai hawaye. Abinci duk ɗanɗanon fenti yake. Na fara mantuwa. Wata rana na tsallake harafi ɗaya a tsakiyar wata doguwar kalma a ƙofar motar wani babba, ban gani ba sai da ta fita daga garajin. Na yi sati ina jiran a zo a kama ni. Motar ta yi ta yawo cikin gari har aka sake wa ma'aikatarsa suna, ba wanda ya lura.

A majami'a abin ya fara fasuwa. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ranar Alhamis da la'asar muke koyon waƙa, kuma daga garaji nake wucewa kai tsaye. Wata Alhamis mun yini muna feshin wata babbar kamiyo ta ɗaukar kaya, na iso ina tangaɗi, na ɗauki waƙa da ƙarfi tun ba a ba da alama ba, da aka kai wani baiti mai maganar mutuwa kuma dariya ta ƙwace mini. Ba a bar ni na tafi gida ba. Dattawa uku suka zaunar da ni, har da mai masaukina. Na ce musu ban taɓa kai giya bakina ba. Babbansu ya ce in hura masa numfashi. Ya shinshina ya daɗe, sannan ya ce wannan ba burkutu ba ce, ba kuma giyar kwalba da ya sani ba ce. Ya yi sauri ya gyara maganar da cewa wadda ya sani a da, kafin ya tuba. Lalle wata sabuwa ce ta Turawa da samarin birni suka gano. Aka dakatar da ni daga waƙa har sai an ga halina ya gyaru. Mai masaukina ya rubuta wa fastonmu, labari ya kai kunnen uwata, ta aiko ta bakin wani direba cewa in dawo gida in kama hauya.

A cikin mawaƙan akwai wata ma'aikaciyar jinya, ƴar Maraɗi, wadda tsakanina da ita bai taɓa wuce gaisuwa ba. Ranar Lahadi bayan sujada ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce in nuna mata hannuwana. Ta juya su ciki da baya, ta dubi idanuna, sannan ta tambaye ni wace rana ce kaina ba ya ciwo. Ban taɓa tunanin haka ba. Na tsaya na bi kwanakin mako ɗaya bayan ɗaya, na ce Lahadi, sai kuma safiyar Litinin.

"To, ɗan'uwa, giyarka tana hutun Lahadi ke nan," in ji ta. "Gobe ka kwafo mini duk abin da aka rubuta a jikin tanon nan, har ƙananan layukan."

Washegari na durƙusa gaban tano da fensir. Ƙananan layukan cewa suka yi kada a yi aiki da ruwan sai inda iska ke ratsawa, kada a bari ya taɓa fata, kada a shaƙi tururinsa, a nisanta shi da wuta. Ni da ake yabo da karatu, watanni na yi ina zama a kan tanon nan ina cin shinkafa da wake, rubutun yana daidai bayan dugadugaina. Ƴar Maraɗi ta kai abin da na kwafo wurin lokotoron da take aiki a ƙarƙashinsa a asibiti. Ya ce ruwan yana shiga jiki ta hanci da ta fata, yana cinye maiƙon fata shi ya sa take tsagewa, yana hawa kai kamar abin maye, kuma in aka daɗe ana shaƙarsa, balle in an gauraya shi da wasu irinsa, yana iya kashe jijiyoyin hannu da ƙafa. Abin da ake bukata bai da yawa: iska, safar hannu, sabulu, a daina cin abinci a ɗakin.

Na gaya wa Baba. Ya ce shi tun ba a yaye ni ba yake cikin ruwan nan, ga shi kuwa da ransa. Amma ya yarda cewa a zamanin rumfa ba a yin irin wannan dariyar. Na yi kwana uku ina tsara wa patoron wasiƙa da Faransanci, na juye ta da rubutuna mafi kyau, na sa hannu, sauran huɗun suka dangwala yatsa. Sai da muka maimaita na Baba, domin zanen yatsansa ya shafe, tabon tawada kawai ya fito.

Patoron ya kira ni bironsa, ya bar ni a tsaye. Ya yaba rubutuna. Ya ɗauki jan alƙalami ya gyara mini kurakurai biyu, ya nuna mini su. Sannan ya ce wannan matsala ba sabuwa ba ce, a Faransa an daɗe da magance ta, madara ake ba masu fenti. Na ce masa wasiƙar maganar taga take yi.

"Malam, ƙuda ɗaya a jikin motar babban mutum ya isa ya rufe garajin nan," ya ce. "Hancinka ya taɓa rufe wani abu?"

Daga ranar aka kafa dokar madara. Ƙarfe goma na safe mai gadi ya buga tsohon gindin taya, mu fito mu yi layi, a huda wa kowa ƙaramin gwangwani ya shanye a gabansa, don kada wani ya kai wa iyali maganin ya salwanta a cikin wanda ba shi da cutar. Mu koma ciki a ja ƙofa. Madarar tana da daɗi, ban ƙi ta ba, har na ɗan yi kumatu. Kaina dai bai san ana yi ba. Da na ba ƴar Maraɗi labari, sai da ta nemi wuri ta zauna don dariya, sannan ta ce madara abinci ce, ba ta da hanyar da za ta bi daga ciki ta je huhu ta yi shara.

An kuma sayo takunkumin hanci guda ɗaya, na baƙar roba, aka rataye shi a biron patoron kusa da taswirar ƙasa. In baƙo zai zo sai a aiko da shi, wanda ya fi kusa da ƙofa ya sa. Sau biyu abin ya faɗo kaina. Daga baya muka gane cewa matacin da ake ɗaura masa a hanci bai taɓa fita daga kwalinsa ba, patoron yana adana shi don kada ya tsufa. Ni dai na yi abin da ke hannuna. Na sayi sabulu, na daina wanka da ruwan sanyi, na koma cin abinci a waje. Abokan aikina suka yi mini ba'a, suna ce mini lokotoro, bayan ƴan kwanaki biyu daga cikinsu suka fara aron sabulun. Baba bai daina tsoma yatsa ba. Ya ce ba shi da wani ma'auni.

Da azumi ya kama, dokar madara ta shiga matsala, domin sauran huɗun duk Musulmi ne. Patoron ya yi shawara da kansa ya yanke cewa su tafi da gwangwanayensu gida su sha bayan an sha ruwa, tunda magani magani ne ko yaushe aka sha shi. Amma don kada doka ta mutu, ni kaɗai nake fitowa ƙarfe goma. Mai gadi ya buga ƙarfensa, in yi layi ni ɗaya, in shanye a gabansa shi kuma yana kau da kai yana haɗiyar yawu. Ɗaya daga cikinmu ya je ya tambayi malaminsa ko shaƙar ruwan sanyi na karya azumi, tunda yana juya kai. Malamin ya ce bai karya ba, ba da gangan ba ne, amma me ya hana a buɗe taga? Aka ce masa ƙuda. Ya ce shi bai san wannan babin ba.

A cikin watan ne na fara lura da Baba. Pistole ya faɗi daga hannunsa sau biyu a yini ɗaya, mutumin da bai taɓa zubar da ɗigon fenti ba. Ya tsoma yatsa a gwangwani ya murza, ya daɗe yana murzawa, sannan ya turo mini gwangwanin ya ce in ji masa. Wata rana da muka tashi ina biye da shi, na ga takalminsa ɗaya ya saɓule a bakin hanya, shi kuwa yana ta tafiyarsa a kan ƙasa mai zafi. Na ɗauko na cim masa. Ya dubi takalmin, ya dubi ƙafarsa.

"Kada ka gaya wa kowa, ɗana," ya ce. "Tun damina nake taka ƙasa kamar ina taka auduga. Tasbaha ma sai na duba da ido nake sanin ta wuce."

Mutum ɗaya na gaya wa. Ƴar Maraɗi ta lallashe shi ta kai shi wurin lokotoron, aka ba shi takarda cewa a cire shi daga aiki da ruwan. Patoron ya karanta, ya ce shi mutum ne mai girmama ilimi. Ya sa aka kawo kujera, ya ce daga yau Baba ba zai ƙara riƙe pistole ba, zama kawai zai yi yana duba aikinmu. Aka ajiye kujerar a cikin ɗakin, gefen tano, domin nan ne akwai fili. Da na yi magana, ya nuna mini takardar da ɗan yatsa: an ce kada ya yi aiki da ruwan, ba a ce kada ya zauna kusa da shi ba.

Haka muka tafi har Babbar Salla ta ƙarato. Saura kamar kwana goma, patoron ya sayo ragon layya. Balami ne fari ƙal, tsayinsa ya wuce ƙuguna, mutane daga Zongo har zuwa suke yi kallo. Kallon nan ya tayar wa patoron da hankali. Yana tsoron ɓarayi, yana tsoron bakin mutane, katangar gidansa kuma gajeriya ce. Da ya duba duk abin da ya mallaka, wuri ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe wanda ba a iya leƙawa, shi ne ɗakinmu. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma a kusurwa, aka ɗaure ragon, aka jera masa dusa da harawa da kwanon ruwa, aka gargaɗe mu kada wanda ya fantsama masa fenti.

Kwana biyu ragon yana kallonmu muna feshi. A rana ta uku da azahar, daidai lokacin da dariyarmu ke tashi, sai ya miƙe, ya yi taku biyu, ya karkace, ya tunkuyi bango a hankali kamar mai gaisuwa, ya zauna da gindi kamar kare. Idanunsa suna zubar da ruwa, aka tura masa dusa ya kau da kai. Mu huɗu muka riƙe ciki don dariya. Baba ne kaɗai bai yi ba, ya ce a kira patoron.

Ban taɓa ganin patoron yana gudu ba sai ranar. Ya aika da motarsa, kafin la'asar ga lokotoron dabbobi ya iso, wani dogon mutum mai tabarau. Ya shigo ɗakin, bai kai ga ragon ba ya ja da baya ya toshe hanci. Ya sa aka ciccibo dabbar aka kai ta inuwar dogon yaro a tsakar garaji. Ba a jima ba ragon ya ɗaga kai, ya yi atishawa, ya fara tuƙa. Lokotoron ya tambayi patoron su wa ke shiga ɗakin can.

"Ba kowa," in ji patoron. "Masu fenti ne kawai."

Muna tsaye mu biyar a bayansa. Lokotoron ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce mu miƙo hannuwa, muka miƙa. Ya daɗe a kan na Baba. Sannan ya juya ya ce shi dabbobi ya karanta, ba zai sa baki a sha'anin mutane ba, amma ragon nan in ya ƙara kwana biyu a ɗakin yadda yake, da wuya ya kai Salla, in ma ya kai, ba ya jin malamai za su yarda a yi layya da marar lafiya. Patoron ya tambaya ko a ba shi madara. Lokotoron ya cire tabaraunsa ya goge, ya ce iska za a ba shi.

Patoron ya shiga uku. In ya bar ragon a waje ga idon mutane, in ya mayar da shi ciki ga ciwo. Kafin magariba ya yanke shawara. Aka kira kafinta ya cire ƙusoshin tagogin duka, aka kira mai walda ya sa musu sandunan ƙarfe saboda ɓarayi, aka fasa bangon baya ta sama, aka ciro fankar da ke bironsa aka saita ta kan kusurwar ragon. Feshi kuma aka ce mu fita da shi tsakar gida har sai an yi Salla. Da muka yi maganar ƙuda, ya ce mu nemi dabara, ai shi ya sa aka ɗauke mu aiki. Ƴar Maraɗi ta samo mana tsofaffin gidajen sauro, muka ɗinke su muka ɗora a kan sanduna. Ƙuda ko ɗaya bai shiga ba.

A makon nan na ga Laraba ba tare da ciwon kai ba, abin har ya ba ni tsoro. Dariya ta ƙare a garajin. Mutanen da na yi watanni ina ƙyalƙyala da su, sai na tarar biyu daga cikinsu ba su da fara'a ko kaɗan.

Ragon ya kai Salla lafiya. Patoron ya aiko mana da cinya guda mu raba. Kwana uku bayan haka ya shigo da kafinta da gudumarsa za a mayar da ƙusoshi. Baba yana zaune a kujerarsa, ya gaishe shi da ladabi, ya yi masa barka da Salla, sannan ya ce shi dai tunaninsa baɗi, in Allah ya kai mu, wani ragon zai bukaci ɗakin, kuma yawan sa ƙusa da cirewa yana lalata katakon taga. Patoron ya tsaya yana kallon katakon. Ya shafa shi. Ya sallami kafinta. Ba a yi wata guda ba na ji shi yana gaya wa wani baƙo cewa shigar iska tsari ne na zamani da ya gani a Faransa, kuma a duk Yamai shi ya fara kawo shi. Madarar kuwa aka dakatar da ita, domin a cewarsa ba a haɗa wa mutum magani biyu.

A majami'a ma an ga halina ya gyaru. Dattawan nan uku suka sake zaunar da ni, suka ce sun yafe mini, suka yaba tubana, suka nemi in tsaya gaban matasa in ba da shaida a kan illar giya. Ƴar Maraɗi ta zo ta yi musu bayani dalla-dalla, har da takardar da na kwafo. Babbansu ya saurara har ƙarshe, ya ce to, ko ta baki ko ta hanci, abin maye abin gudu ne, kuma suna godiya ga Ubangiji da ya kuɓutar da ni. Na koma waƙa a layin baya. Shekarar da ta biyo muka yi aure da ƴar Maraɗi, daga baya na bar garajin na koma koyarwa. Har yau in sanyi ya shigo, yatsuna biyu na hannun dama sai sun yi jinkiri kafin su san na riƙe alli.

Baba bai kai damina a garajin ba. Ya koma Goudel, gonarsa ta bakin kogi. Bayan aurenmu da ƴan watanni muka je gaishe shi wata Asabar da hantsi. Muka same shi zaune a gindin mangwaro, matarsa da ƴarsa suna dashen albasa, domin shi in ya kama ɗan tsiron ba ya sanin ya matse shi har ya karye. Hannuwan sun ɗan dawo, yana iya riƙe buta. Matarsa ta ce ƙafafun ne damuwarta, kullum sai ta duba masa tafin ƙafa tana cire ƙaya, wata rana har ƙugiyar masunta ta ciro, shi bai sani ba.

Matata ta ciro allura daga bakin ɗankwalinta, ta ce ya miƙe ƙafa ya rufe ido, in ya ji tsini ya faɗa. Ta taɓa babban yatsa, shiru. Ta taɓa tsakiyar tafin, shiru. Ta ɗaga allurar tana neman wani wurin, ba ta kai ga taɓa shi ba, sai ya ce, "Yauwa, ƴata, wannan kam na ji."

Ta dube ni, na dube ta. Ta ce masa madalla, ana samun sauƙi, ta mayar da allurar inda ta ciro ta, ta juya ta yi wa matarsa bayanin yadda za ta riƙa wanke ƙafafun da ruwan ɗumi, tana gwada zafin da hannunta tukuna. Ya sa aka cika mana kwando da kabeji da salati da albasa mai lawashi. Muka ce ya yi yawa, ya ce in mun rage ko ganye ɗaya kada mu ƙara zuwa. Ba mu sami mota ba, muka dawo Kalley a ƙasa muna karɓa-karɓar kwandon, rana tana dukanmu.